Kafin Mu Yi Gardamar Rabi, Ina Rabin Yake?

Duk lokacin da aka tayar da maganar gadon mata a ƙasar nan, wuri ɗaya ake nufa: me ya sa namiji zai ɗauki kashi biyu, mace ta ɗauki ɗaya? A watan Maris na 2016 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaita jinsi da Sanata Abiodun Olujimi ta gabatar, kuma batun gado yana cikin abin da ya kayar da shi. A ƙarshen wannan shekara Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya faɗa a Gusau cewa Musulmi ba za su karɓi dokar da za ta sauya rabon da Allah ya yi ba. Mu a Sakkwato mun ji daɗin maganar, ni ma ina cikin waɗanda suka ji daɗin. Rabon yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, kuma ba na cikin masu neman a taɓa shi.

Abin da ke damuna daban ne. Mun iya tashi tsaye idan wani daga Abuja ya ce a ƙara wa mace a kan rabonta. Idan kuwa ɗan'uwanta uwa ɗaya uba ɗaya ya riƙe rabon dungurungum shekara ashirin, sai mu ce harkar cikin gida ce, ba ruwan kowa. An bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya ce a ba ta kashi ɗaya daidai da namiji ya saɓa wa aya, wannan gaskiya ne. To wanda ya hana ta ko ƙwandala fa, wace aya ya bi?

Bari mu yi lissafi a fili, don mutane da yawa suna jin kalmar rabi sai su ɗauka abin da mata ke da shi a dukiyar mamaci ɗan tsiriri ne. A ce magidanci ya rasu ya bar mata biyu, 'ya'ya maza biyu, 'ya'ya mata uku, iyayensa sun riga shi. Bayan an fitar da kuɗin likkafani da biyan bashi da wasiyya, abin da ya rage ya kai naira miliyan 16. Matan aure suna da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 2 ke nan, kowacce miliyan ɗaya. Ragowar miliyan 14 za a kasa ta bakwai: kowane namiji miliyan 4, kowace mace miliyan 2. Haɗa na 'ya'ya mata da na iyayensu, ka samu miliyan 8. Rabin dukiyar gidan nan cur na mata ne. Yanzu ka duba gidajen da ka sani a Mabera ko Rijiyar Ɗorowa ko Gidan Igwai, waɗanda maigida ya rasu shekara biyar ko goma da suka wuce, ka gaya mini a nawa ne rabin dukiyar take hannun mata.

Ba kuma kowane rabo ne namiji ke ninka mace ba. Idan mamaci ya bar ɗa namiji da iyayensa biyu a raye, uwa sudusi, uba sudusi, wato kowanne kashi ɗaya cikin shida, babu fifiko. 'Yan'uwan da aka haɗa uwa kaɗai, idan sun gaji, namiji da mace daidai suke raba sulusinsu, wato kashi ɗaya cikin uku. Mace ta rasu ta bar miji da 'ya ɗaya da shaƙiƙinta namiji, uwa ɗaya uba ɗaya: 'yar ta ɗauki rabi, mijin rubu'i, wato kashi ɗaya cikin huɗu, shaƙiƙin ya tashi da rubu'in da ya rage. Yarinya ta ninka kowannensu. Duk almajirin da ya kai ƙarshen littafin fiƙihu na Risala a zaure ya san wannan. Na kawo shi ne don masu cewa Musulunci ya mayar da mace rabin mutum su san ba su karanta babin ba, amma ba zan daɗe a nan ba, domin kare shari'a da baki ba shi ne ya yi mana ƙaranci ba. Muna da malamai da suka fi ni iyawa, kuma kullum suna yi a rediyo.

Abin da ya kamata mu riƙa tunawa shi ne dalilin saukar ayar. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi shahada a Uhudu, ya bar mata da 'ya'ya mata biyu. Ɗan'uwansa ya zo ya kwashe dukiyar duka, bisa al'adar Larabawa ta cewa wanda ba ya hawa doki ya riƙe takobi ba ya gado. Matar ta ɗauki 'ya'yanta ta tafi wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kai ƙara. Da ayar ta sauka sai ya aika wa baffan yaran cewa ya ba su kashi biyu cikin uku, ya ba uwarsu tumuni, abin da ya rage nasa ne. Ka lura da wanda aka kai ƙara. Ba baƙo ba ne, ba kafiri ba ne, baffa ne Musulmi a Madina. Ka kuma lura ba a ce wa matar ta yi rashin kunya ba, ba a ce ta koma gida ta yi haƙuri don zumunci ba.

Mu kuwa a nan ba ma fitowa fili mu ce mace ba ta da gado. Wa zai faɗi haka a garin Shehu? Hanyoyinmu sun fi wannan laushi, shi ya sa suka fi wuyar kamawa.

Babbar hanya ita ce jinkiri. An yi jana'iza, an tashi daga zaman makoki, matan sun shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Wanda ya ambaci rabo a wannan lokaci sai a ce ƙasar kabari ba ta bushe ba yana maganar dukiya. An fita takaba, sai a ce a bari a yi girbi. An yi girbi, sai a ce ƙananan yara su ɗan tasa. Cikin haka babban wa yana noma gonar, yana karɓar kuɗin hayar shago, ya gyara zaure ya ƙara ɗaki biyu ya sa amarya. Bayan shekara goma sha, idan ƙanwa ta yi magana, sai a fito mata da lissafin bulo da siminti da kwano. Idan ta rasu kafin a raba, haƙƙin ya koma kan 'ya'yanta da mijinta, rabo ya hau kan rabo, abin da masana gado ke kira munasaha, sai ka ga gida ɗaya yana da magada hamsin, rabinsu ba su san juna ba. A nan ne mai riƙe da gida zai fara maganar hauzi, wai ya daɗe a ciki ba wanda ya yi magana. A mazhabarmu ta Malikiyya uzurin da na sani na dakatar da rabo shi ne juna biyu, a jira a ga abin da aka haifa, ko bashi da wasiyyar da ba a tantance ba. Wannan watanni ne. Yarinta ba uzuri ba ce, maraya ana fitar masa da nasa a ba waliyyi ya riƙe da shaidu.

Sai kuma yafiya. Na taɓa zama shaida a wani rabo a wani ƙauye da ke bakin fadamar Rima. Gona ce ta albasa da shinkafa, irin wadda ake noma rani da damina. Maza sun cika zaure, an shimfiɗa tabarmi, malam ya buɗe littafi ya yi lissafinsa daidai, ban ga inda ya kuskure ba. Matan suna can cikin gida. Da aka zo kan gona sai babban wan ya miƙe ya tsaya bakin ƙofar tsakar gida, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "To ku ɗiya mata, kun ji abin da malam ya ce. Gonag ga in anka tsattsaga ta ba ta da amfani. Mi kunka ce?" Shiru. Can sai muryar tsohuwarsu: "Ku yi magana mana, yayanku na jira." Sai ɗaya ta ce, a hankali, "Yaya, duk yadda kunka yi daidai ne." Ya juyo ya ce, "Jama'a kun shaida sun yafe." Aka shafa fatiha. Aka aika musu da buhun shinkafa ɗai-ɗai da 'yan kuɗi a ambulan, aka ce na albarka ne.

Ban ji wadda ta ce ta yafe ba. Ko da ta faɗa, wace irin yafiya ce wannan? Ba a gaya mata kadada nawa ce tata ba, ba a gaya mata nawa take a kasuwa ba, ba ta riƙe komai a hannu ba balle ta bayar. An tambaye ta a gaban uwa, da yaya a tsaye, da maza ashirin suna saurare. Hadisi ya ce dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, kuma malamai sun daɗe suna cewa abin da aka karɓa da takobin kunya haram ne. Mu Hausawa mun horar da 'ya mace tun tana ƙarama cewa kunya ado ce, kada ta ɗaga ido gaban manya, kada ta nuna kwaɗayi. Sannan ranar rabo mu zo mu yi amfani da tarbiyyar da muka ba ta mu karɓe gonarta.

Kuma ba kunya kaɗai ke rufe mata baki ba, akwai lissafi. Mace ta san aure yana iya mutuwa, mu kuwa ba mu da ƙarancin saki. Ranar da aka miƙo mata takarda, ina za ta? Gidan yayan nan. Ranar da ɗanta zai yi aure ko 'yarta za ta haihu, su wa za su tsaya mata? Dangin nan. Don haka sai ta sayi wurin komawa da gadonta. Abin takaicin shi ne tana sayen abin da yake nata ne tun asali, domin ɗakin da za a ba ta a yi mata gori a kansa, tana da kaso a ginin da filin da yake kai.

Hanya ta uku ta fi kama da adalci, shi ya sa na fi jin haushinta. Za a yarda a raba, amma a yi wa gida ko gona kuɗi, maza su biya mata su riƙe ƙasa. Wannan halal ne idan an yarda kuma farashin na gaskiya ne. Amma wa ke kirawo mai ƙiyasi? Wanda zai saya. Sai a yi wa fili a Arkilla ko hanyar Kalambaina kuɗin da ko a ƙauye ba za a sayar ba, sannan a ce za a biya ta kaɗan-kaɗan. Da irin faɗuwar da naira ta yi daga 2023 zuwa yau, matar da aka yi wa ƙiyasi kafin nan ake biyanta a guntu-guntu, kuɗin da zai saya mata fili a da yanzu da ƙyar ya yi mata kayan ɗaki. Filin kuwa yana nan yana ƙara daraja a hannun ɗan'uwa. Akwai kuma iyayen da ke gama aikin tun suna raye, su rubuta gidaje da sunan 'ya'ya maza a ce kyauta ce. Bashiru mahaifin Nu'umanu ya nemi Annabi ya shaidi kyautar da ya yi wa ɗa ɗaya ban da sauran, Annabi ya ƙi, ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya.

Matar mamaci ita ma tana da nata kason na wahala. Akuyoyin da ta saya da kuɗin ƙuli-ƙuli, injin markaɗen da ta yi adashi ta saya, gadonta da katifarta, sau da yawa sai a haɗa da kayan mamaci a raba. Ragowar sadakinta idan ba a biya ba bashi ne, yana fita kafin a taɓa rabo, amma wa ke tambaya? Idan ba ta haihu a gidan ba, wani lokaci ko takaba ba a bari ta gama cikin kwanciyar hankali, alhali tana da haƙƙin zama a gidan mijinta har ta fita idda.

Na san amsar da 'yan'uwana maza za su ba ni, kuma ba duka ce ta banza ba. Za su ce gona idan aka yi ta tsagawa, ƙarshenta kowa ya tashi da abin da bai isa shuka ba. Gaskiya ne, ƙasar noma a kewayen Sakkwato ta matse tun ba yau ba. Amma wannan matsala ba ta san jinsi ba. Idan tsagawa ce illa, me ya sa maza biyar ke tsagawa tsakaninsu ba a ce komai, sai an zo kan mata a tuna gona za ta lalace? Kuma mafita tana nan: a bar gona a haɗe, a rubuta kason kowa, wanda ya noma ya cire wahalarsa, a ba kowa nasa daga amfanin kowace shekara, ko a ba ta kuɗin haya kamar yadda za a ba bare. Za su ce idan aka ba ta, mijinta ne zai cinye, ƙasar kakanni ta koma wani gida. Dukiyar mace tata ce, miji ba shi da iko a kai sai abin da ta ba shi, kuma idan tsoron bare ake yi, shari'a ta ba abokin tarayya haƙƙin shufu'a, ya riga kowa saye a kan farashin da aka taya. Ba a hana ɗa namiji gado don yana da mata mai kashe kuɗi, ko don shi kansa ɗan caca ne.

Hujjar da muka fi so ita ce namiji ya ɗauki biyu ne don nauyi yana kansa: sadaki, ciyarwa, tufatarwa, muhalli, kula da uwa da 'yan'uwa mata. Na yarda da wannan hikima ɗari bisa ɗari. Sai dai duk wanda ya kafa hujja da ita ya ɗaura wa kansa igiya. Je ka bakin asibiti da safe, ko ofishin hukumar zakka da waƙafi ranar rabo, ka ga zawarawa da matan da mazansu suka rasu a layi. Yawancinsu suna da 'yan'uwa maza a raye. A gabashin jihar nan, Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, 'yan bindiga sun mayar da mata da yawa gwauraye da rana tsaka, sun baro gonaki sun shigo gari da yara. Ranar da zaman lafiya ya dawo aka koma, wa zai tuna cewa gonar da aka gudu aka bari akwai tumunin wata da kason marayu mata a ciki? Wanda ya karɓi kashi biyu da sunan nauyi, sannan ya bar ƙanwarsa tana wankau don ta ciyar da marayu, shi ne yake ba masu sukar shari'a abin faɗa, fiye da duk wata ƙungiya ta Turai.

Wannan ciwo ba sabo ba ne, kuma ba baƙo ne ya fara nuna mana shi ba. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, a Ihya'us Sunna, ya lissafa cikin bidi'o'in gado cewa babban magaji ya mamaye dukiya duka, da kuma hana matar aure da sauran mata rabonsu. A Nurul Albab ya yi kaca-kaca da malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Abubuwan biyu a haɗe suke, domin wadda ba ta san tumuni daga rubu'i ba, ba ta san abin da aka hana ta ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta ɗaura wa jagororin mata da ake kira jaji malfa ta tura su ƙauyuka su karantar da mata a cikin gidajensu. Duk da haka al'ada ba ta mutu ba, tana komawa ta dawo. A Kano, a 1923, sarki ya hana mata gadon gidaje da gonaki, sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya soke hanin. Shekara 31 ke nan a babbar masarauta ta daular Usmaniyya. A kudu kuwa sai a 2014 Kotun Ƙoli ta rushe al'adar Ibo ta hana 'ya mace gadon uba, a shari'ar Ukeje. Mukan ambaci wannan da alfahari, mu ce mu an ba mata tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. An ba su kam, a Littafi. Matar Ibo da kotu ta ba gida ta shiga gidanta, tamu tana riƙe da aya.

Ƙofar shari'a a buɗe take, ba na musu. Kotunan shari'a suna raba gado, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Amma mace ta kai yayanta gaban alƙali a garin nan, kowa ya san sunan da za a sa mata. Ga kuɗin mota, ga ɗage zama, ga abin da kotu ke cira wanda tsofaffi ke kira ushira, ga izinin miji kafin ta fita. Shi ya sa nake ganin gyaran ba daga kotu zai fara ba, daga zaure ne, wurin mutum biyu da ba a rabo sai da su, wato malamin da ke lissafi da mai unguwar da ke sa hannu.

Malamin da aka kira rabo kada ya tsaya ga alƙalami. Ya ƙi karɓar "sun yafe" daga bakin namiji. Ya sa a kira kowace mace ita kaɗai, da muharraminta wanda ba shi da kaso a dukiyar, ko da wata malama daga makarantun Islamiyya da suka cika garin nan, a gaya mata ga iyakar gonarki daga nan zuwa can, ga kuɗinta a kasuwar yau. A damƙa mata, a rubuta da sunanta. Idan bayan wata uku ta ga dama ta ba yayanta kyauta, Allah ya ba ta lada, ba mai hana ta. Mai ƙiyasi kuma ya zama mutum biyu, ɗaya matan ne za su kawo shi.

Masu unguwanni da hakimai kuwa suna da makamin da ya fi wa'azi kaifi, domin da wuya a sayar da gida ko gona a ƙasarsu ba da saninsu ba. Majalisar Sarkin Musulmi tana iya ba su umarni gobe cewa duk gidan gado ko gonar gado da aka kawo sayarwa, kada a sa hannu sai an ga takardar rabo mai ɗauke da sunan kowace mace da shaidar ta karɓa. Wannan ba ya buƙatar sabuwar doka daga Abuja, ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Dillalan filaye za su yi ƙorafi wata biyu, daga nan su da kansu za su riƙa tambayar mai sayarwa ina takardar ƙannenka mata, don ba mai son ya biya miliyoyi a kan filin da hakimi ya ƙi sa wa hannu.